Baƙar ƙasar garkar Kawu, abin da nake rubutawa a kaye

16 ga Nuwamba 2024

Yau dai na fara aikin nan da na daɗe ina ɗagawa. Asalin maganar daga aji ta taso, Malam yana mana darasin ire-iren ƙasa sai ya zo kan wata da ake ce ma istosol, ya ce ita wannan ba yashi ba ce ba kuma laka ba ce, ciyawa ce ta mutu cikin ruwa shekara dubbai tana ruɓewa kaɗan kaɗan tana taruwa har ta zama ƙasa, baƙa ƙirin, wani wurin sai ka haƙa mita 3 ba ka tarar da komai ba sai ita. Ya nuna mana hoton gonakin rake na Filorida a Amurka, kudu da wani babban tabki da ake ce ma Okicobi, ƙasar kamar an barbaɗa garin gawayi. Ni ko ina gani sai garkar Kawu ta faɗo min a rai, don tun ina yaro nake ganin baƙar ƙasar nan ta bakin gulbi, in ka taka ta da damina sai ta riƙe maka takalmi. Na ɗaga hannu na ce Malam ai muna da irinta a nan gulbin Maradi. Bai ce e ba bai ce a'a ba, ya ce je ka haƙo ka auno ka kawo min, baƙi kaɗai ba shaida ba ne.

To shi ne na tahi wajen Kawu da yamma na roƙe shi ya bar ni in haƙa ramu a garkarshi. Ya yarda amma ya ce kar in taɓa fangalin salati da na zogale. Wuri huɗu na zaɓa, gonar hatsi ta jigawa da ke sama, tsakiyar garka, bakin ɗan tabkin da ke ƙasan garka inda kacalla ta cika, sai kuma taɓon da ke ƙarƙashin ruwan tabkin kanshi.

24 ga Nuwamba

Ni da ƙanena muka haƙa ramin tsakiyar garka, mita 1 da ɗan wani abu. Baƙin nan da nake alfahari da shi ashe a sama kawai yake, santimita 30 ko kusa da haka, daga nan sai ƙasa ta koma ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, can ƙasa kuma sai yashi mai laushi har ruwa ya fara tsattsafowa. Shi wannan ɗigon tsatsa alama ce ta ruwa yana hawa yana sauka, wata shida ƙasar tana jiƙe wata shida iska na shigarta. Tun nan jikina ya fara ba ni, don ƙa'idar da masana ƙasa suka sa ita ce kafin a kira ƙasa istosol sai ruɓaɓɓen tsiron ya kai kaurin santimita 40 a cikin santimita 80 na sama, kuma ba wai ɗan gauraye ba, ya zama shi ne jikin ƙasar.

Na yi gwajin matsa hannu shi ma. Wani masani ɗan Suwidin, Lennart von Post, shi ya fito da shi tun shekarun 1920, ba ya buƙatar komai sai tafin hannunka. Ka ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasar ka matse, ka duba abin da zai fita tsakanin yatsunka. Mataki goma ne. In ruwa garai-garai ya fito kuma ciyawar na nan da kamanninta to mataki na ɗaya ke nan, ba ta ruɓe ba. In kuwa duk ta silale ta fita kamar kunu mai kauri ba abin da ya rage a hannu, to ta kai na goma. Irin ta Filorida da ake noma rake a kai tana can ƙarshe-ƙarshe, in ka murza ta zaren ciyawar da zai rage bai kai kashi ɗaya cikin shida ba. Tamu da na matsa ta fita tsakanin yatsu ita ma, har ƙanena ya ce ga ta nan yaya ta yi, amma sai na murza ta a tafin hannu ta yi doguwar igiya kamar ta masu ginin tukunya, tana danƙo, tana ƙyalli, in ka sa a haƙori ka ji ɗan gurus-gurus. Wannan halin yumɓu ne mai ɗan yashi. Ruɓaɓɓiyar ciyawa ba ta yin igiya, ba ta da danƙon nan, sai dai ta ɓata maka hannu da baƙi.

7 ga Disamba

Awon nauyi. Na sayi guntun tiyo na roba wajen masu kayan famfo, na yanka shi gida huɗu kowanne daidai cin lita 1, na buga su cikin ƙasa da guduma a hankali don kar in danne ta, na fiddo, na shanya a kan kwano kwana biyar sannan aka ƙarasa busar min da su a tandar labo a zafi 105. Ta jigawa ta ba ni kilo 1 da giram 550, ta tsakiyar garka kilo 1 da 350, ta bakin tabki kilo 1 da 200, taɓon ƙasan ruwa kuma giram 900 da 'yan kai. Ita ko ƙasar ruɓaɓɓiyar ciyawa wadda ba a taɓa nomawa ba, lita guda in ta bushe giram 100 zuwa 300 ce kawai, sauran duk ruwa ne da take riƙe kamar soso. Ko taɓon namu mafi sauƙi ya ninka ta sau uku.

Da na gaya wa Kawu sai ya ce, to kai ɗana sai da ka kai ta lakkal ka gane tana da nauyi, tambayi jakin da ke ɗaukar ta in za a yi yaɓe.

21 ga Disamba

Hutu ne, sanyi ya sauka sosai, ban yi aikin hannu ba sai karatu, kuma labarin wurin nan na Filorida ya tsaya min a rai har na kasa barci da wuri jiya.

Wurin ana ce mishi Ebagilez. Ba tabki ba ne ba kuma gulbi irin namu ba, a da ruwa ne da ke malalowa daga tabkin Okicobi ya bazu ya nufi kudu zuwa teku, tsawon tafiyar kusan kilomita 160, faɗinsa wani wurin ya haura kilomita 80, zurfinsa galibi bai wuce gwiwa ba, kuma ƙasar a shimfiɗe take ta yadda a kilomita guda gangaren bai fi santimita 3 zuwa 5 ba, to ka ga ruwa ba gudu yake ba rarrafe yake. Ga ruwan sama da ya haura milimita 1,300 a shekara, mu nan in mun samu 500 sai mu ce alhamdulillahi. A cikin ruwan nan wata ciyawa ke fitowa mai gefe da kaifi kamar zarto, ta yi tsawo ta mutu ta kwanta cikin ruwa, saiwarta ma ta mutu a ciki, wata ta fito a kanta. Ƙananan halittun da ke cinye mataccen tsiro iska suke buƙata kafin su yi aiki da sauri, ƙarƙashin ruwa kuwa iskar ba ta isa, sai cin ya zama kaɗan ajiya ta fi yawa. Haka aka yi ta yi kusan shekara 5,000, kowace shekara abin da ke ƙaruwa milimita 1 ne ko ma ƙasa da haka, har ya zama mita 3 ko fiye kusa da tabkin. A ƙarƙashi kuma dutse ne fari, dangin wanda ake fasawa a Malbaza a yi siminti.

Sai farkon ƙarni na 20 aka shiga haƙa manyan magudanai don a janye ruwan a yi noma. Aka janye, aka samu fili kusan eka 280,000 irin eka tamu ta hekta, ana noma rake da shinkafa da masara da salati, garin Bel Gilad ya kafu a kan arzikin ƙasar nan. Amma daga ranar da iska ta shiga, halittun nan suka tashi da yunwar shekara dubbai, suka shiga cin ƙasar tana komawa iska tana tashi sama. Ga kuma motsewa da take yi in ta bushe, ga nauyin tarakta, ga iska na kwasar garin, ga gobara, don ita ƙasar kanta tana kama wuta ta yi ta ci a ƙarƙashi kwana da kwanaki. A 1924 a tashar binciken noma ta Bel Gilad suka kafa wani turken siminti mai tsawon ƙafa 9, wato kusan mita 2.7, suka buga shi har ya zauna a kan dutsen, kanshi daidai da fuskar ƙasa. Yanzu turken ya fito waje kusan mita 1.8, ya kai tsayin namiji. Ba turken ne ya tashi ba, ƙasar ce ta sauka ta bar shi. Shekaru da dama saukar tana kai santimita 2.5 a shekara, wato abin da ruwa ya tara a shekara 25 ko fiye, noman shekara ɗaya ya cinye.

Abin da ya ƙara taɓa ni shi ne sunayen. Sun raba ƙasar gwargwadon kaurin da ya rage kafin a kai dutse. In ya haura santimita 130 sunanta Tera Siya, daga 91 zuwa 130 Pahoki, daga 51 zuwa 91 Lodahil, in ta koma ƙasa da 51 sai a ce Daniya. To gona ɗaya ce, kaka ya noma ta tana Tera Siya, ɗa ya gaje ta tana Pahoki, jika ya tarar da Lodahil, ba a matsa ko taki ɗaya ba. Na zauna ina tunanin manomin da garmarsa ta fara tono farin dutse a gonar da ubansa bai taɓa ganin ƙasanta ba, wallahi abin da tausayi.

4 ga Janairu 2025

Na ce bari in gani da idona ko da a ƙaramin abu. Na sayi tsofaffin tano biyu jika shida, mai walda ya raba min su biyu-biyu, na ɗauki rabi uku. Muka yanko kacalla daga tabkin, muka daddatsa ta da adda, na gauraya da ɗan taɓo, na zuba a kowanne har santimita 40, na dasa sanda a tsakiya na yi mata zane da wuƙa, turkena ke nan irin na Bel Gilad. Na farko ruwa zai rufe shi kullum, na ɗora bulo biyu a kai don kar ciyawar ta taso. Na biyu sati guda a cike sati guda a tsiyaye. Na uku na huda gindinsa, yayyafi kawai zan riƙa yi mishi ya zauna da danshi kamar fangali. Suna bayan ɗakin Inna a inuwar bedi.

25 ga Janairu

Sakamakon ƙonawa ya fito, kuma shi ne ya yanke maganar. Yadda ake yi, a auna busasshiyar ƙasa, a sa ta a tanda mai zafi 550 na wasu awoyi, duk abin da asalinsa tsiro ne ya ƙone, a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne ruɓaɓɓen tsiron. Sau biyu muka yi don ranar farko an ɗauke wuta ana tsakiya. Ta jigawa ba ta rasa ko kashi 1 cikin 100 ba. Ta garka kashi 4, ta bakin tabki 5 da rabi, taɓon ƙasan ruwa kashi 8. Kuma Malam ya ja kunnena ya ce kar in ɗauki lambobin nan duka a matsayin tsiro, don yumɓu yana da ruwan da ke ɗaure a jikinsa wanda sai a wannan zafin yake fita, to gaskiyar ta ma fi haka ƙanƙanta. Kafin a fara kiran abu ƙasar tsiro sai ya kai kashi 20 zuwa 30 gwargwadon yumɓun da ke ciki, ta gonakin raken Filorida kuwa kashi 70 zuwa 80 ce har da ɗoriya, in ka ƙone ta ɗan toka kawai za ka kwasa.

Da na koma gida na ɗauki busasshen curin taɓo na jefa a murhun gawayi Inna tana dafa shayi. Bai kama ba, ɗan hayaƙi ya yi sannan ya koma ja kamar ɓallin tukunya. Na kai wa Kawu ya juya shi a hannu ya ce ai wannan kowace mai ginin tukwane ta sani.

To ba mu da ita. Baƙin namu laka ce da gulbi ya kawo. Kawu ya ba ni labarin da ya ji wajen mahaifinsa na ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a kwari har mutane suka hau tudu inda Maradi take yanzu, ya ce duk shekarar da gulbi ya cika ya kwanta a fadama sai ya bar sabuwar laka kaurin yatsa, anka yi ta yi tun kaka da kakanni, amma tun da anka gina madatsar ruwa can sama a Najeriya ba ya kwanciya kamar da. Ka ga bambancin, tasu ruwa ne mai tsabta ya zauna ciyawa ta gina ƙasa daga wurin, tamu ruwa ne mai gudu ya ɗauko ƙasar wani wuri ya sauke mana, sannan rani ya zo wata bakwai takwas ya busar da komai. Ban ji daɗi ba da farko don na so a ce muna da ita, amma yanzu tambayar da ta fi damuna ita ce wannan ɗan kashi 4 ɗin, me ke riƙe shi me ke cinye shi, don shi ne bambancin garkar Kawu da jigawa.

15 ga Fabrairu

Tano na farko yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, in ka zungura sanda kumfa na tasowa, ruwan ya yi launin shayi. Inna ta yi magana kan sauro, tana da gaskiya, na rufe shi da tsohon gidan sauro na ɗaure da roba. Awon sanda: na farko 34, na biyu 27, na uku 24. Wani ɓangaren saukar kwanciya ce kawai ciyawar ta yi, amma duka ukun sun yi wannan kwanciyar, to ratar da ke tsakaninsu ci ne. Gara ta shiga na uku ta hudar gindi, na ɗaga shi a kan bulo na zuba toka kewaye.

12 ga Maris

Azumi, aikin sai da safe kafin rana ta ɗaga. Mun ɗan yi gardama da Kawu cikin girmamawa. Ya sa yara sun kwaso taɓon tabki a baro sun shimfiɗa a kan fangali uku na sama inda yashi ya yi yawa, ni na ce Kawu da an gauraya da takin dabbobi an juya shi cikin ƙasa da ya fi, ya ce bari ka gani. Bayan kwana huɗu saman ya yi ɓawo ya tsattsage, ruwa in an zuba sai ya bi tsagar ya wuce. Bai ce komai ba, jiya dai na tarar ya sa an sassare shi da kwasa an zuba kashin awaki. A ganina taɓon yana da amfani a yashi don yana riƙe ruwa da taki, amma ba a barinsa a sama shi kaɗai.

Ya tambaye ni su waɗancan na Amurka da ƙasarsu duk taki ce ai ba su sayen takin zamani ko. Na ce mishi rabi haka ne. Azot dai, wato sinadarin da ke cikin takin ure, ba su cika saye ba, mai rake a kan ƙasar nan galibi ba ya zuba ure ko kaɗan, don ruɓewar da ke cinye ƙasar ita ce take sakin azot ɗin, wato albarkar da ake gani jikin gonar ne ke narkewa. Amma akwai abin da ba ta da shi. Farkon zuwansu shuka sai ta fito ta yi rawaya ta mutu a kan ƙasa baƙa ƙirin, sai a 1927 masu bincike na Bel Gilad suka gano jan ƙarfe ne babu, ɗan abin da ke akwai ma ruɓaɓɓen tsiron ya riƙe shi gam, da aka barbaɗa gishirin jan ƙarfe mai launin shuɗi sai gona ta tashi. Shanun da ke kiwo a wurin ma sun yi fama da rashinsa. Potas ma sai an zuba. Silis da mu yake mana yawa a yashi su sai sun sayo sun zuba wa rake da shinkafa. Inda kuma ƙasar ta yi siriri garma na haɗo ta da farin dutse, sai ɗanɗanonta ya koma na kanwa-kanwa, manganis da fosfor su ƙi sakuwa ga shuka. Kawu ya girgiza kai ya ce kowa da irin jarrabawarsa.

Na ƙara mishi da labarin kacalla don na san zai ji shi. Fosfor ɗin da ke fita daga gonakin yana bin ruwa ya gangara cikin sauran dausayin da ba a noma ba, wurin da tun asali ba shi da fosfor sai kaɗan, to sai kacalla ta samu abinci ta mamaye ta kori ciyawar zarto, har a 1994 jihar Filorida ta yi doka ta musamman, aka gina manyan filayen tace ruwa, aka ɗora wa manoma rage abin da ke fita daga gonakinsu. Kawu ya juya ya kalli tabkinsa da kacalla ta kusa rufewa, ga fangalin da yake zuba wa takin 15-15-15 a samansa ruwan na gangarowa, ya ce to ko nan ma haka ne. Na ce zan ɗebi ruwan in kai a auna.

19 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai, da rana ana haura 40. Tabkin ya ƙafe saura ɗan kwalbatin ruwa a tsakiya, taɓon da na shiga har gwiwa a Nuwamba yanzu ya tsage hannuna na shiga ciki har wuyan hannu. Kacallar da ta kwanta a kai ta bushe, awaki sun ci, gara ta ci, mata sun kwashi wata don hura wuta, saura iska ta ɗauka. Na tsaya a wurin na ce to ga amsar nan a fili, duk abin da ruwa ya ajiye daga Agusta zuwa Janairu, watan Afrilu ya zo ya karɓe, ba a taɓa barin shekara ta ɗora a kan shekara.

Sanda: na farko 32, na biyu 19, na uku 15. Na farko kullum sai na ƙara mishi ruwa kusan kaurin yatsa, rana ɗaya na yi tafiya Madarunfa ƙanena ya manta, saman ya fito waje yini guda. Na zaro ciyawar ciki na duba, ta yi baƙi ta yi laushi amma ganyen na nan da kamanninsa, na matsa ruwa mai duhu ya fito, a awon von Post ba ta wuce mataki na uku ba. Na uku kuwa ya zama gari mai ƙamshin ƙasar farkon damina, taki ne mai kyau sosai, sai dai fiye da rabi ya tafi cikin wata uku da rabi. Na bar ɗan kaɗan ya bushe ƙarau a rana na zuba mishi ruwa, ruwan ya tsaya a kai dunƙule-dunƙule ya ƙi shiga, sai da na cuɗa da hannu. Wannan halin ita ma ƙasar Filorida tana da shi, in ta bushe ƙwarai ba ta komawa yadda take. Shi ya sa can yanzu suke ɗaga ruwan ƙarƙashin gona kusa da sama gwargwadon yadda shuka za ta jure, da lokacin zafi na su kuma maimakon a bar gona fayau sai a cika ta da ruwa a shuka shinkafa, kuma saukar ta ragu ba kamar da ba, ko da yake ba ta tsaya ba.

Na nuna wa Kawu tano na biyu da na uku na ce Kawu wannan fa shi ne fangalinka, kullum danshi kullum zafi kullum ana juya ƙasa, takin da ka zuba bara ba ya jiran baɗi. Na roƙe shi bana kar a ƙone karan da ganyen da ke gefen garka, a bar min in rufe fangali biyu da su, biyu kuma a bar su tsirara yadda aka saba. Ya ce gara fa. Na ce gara in ta ci a cikin fangalin take kashi, wuta ko sama take kaiwa. Ya yi shiru sannan ya ce biyu kawai.

24 ga Mayu

Hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma amma bai sauka ba tukuna. Jiya muka kafa turke na gaske a tsakiyar tabkin tun yana bushe, ƙarfen rodi mita 2, muka buga shi har ya shige yashin ƙasa ya tsaya, muka zuba siminti a gindi, na yi zane da zarto daidai fuskar ƙasa, na kuma barbaɗa farin yashi kewaye da shi faɗin tabarma don in an zo haƙawa baɗi a gane inda sabon abu ya fara. Kawu da kanshi ya riƙe rodin ina bugawa, ya kuma gaya wa yaran makwabta kar wanda ya ɗaure dabba a jikinsa.

Fangali huɗun na ɗebi ƙasarsu na ajiye a leda da lamba, za a ƙone su a labo tare da waɗanda zan ɗiba bayan damina. Ruwan tabkin da na ce zan kai awon fosfor bai samu ba don ya ƙafe kafin in shirya, sai ya sake cika. Tano na farko yana 31 yau. Zan matsar da duka ukun ƙarƙashin rumfa kafin ruwan farko don kar sama ta cika min na uku, kuma ina buƙatar sabon gidan sauro, wancan rana ta cinye shi.